Bangon da ka fasa a Alƙahira

Suki, Jihar Sinnar

Zuwa ga ɗana Nuraddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, kai da matarka Rayan, Ya kuma sauke ta lafiya idan lokaci ya yi. Mu nan sai godiya. Ƙafar babanka ta yi sauƙi har yana zuwa hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, da kansa, ko da yake ƙannenka ne ke riƙe da fartanya, shi nasa faɗa. Dawa ta yi kyau bana. An buɗe makaranta, yarana sun dawo, wasu har sun manta yadda ake riƙe alƙalami, amma muna lallaɓawa.

Na saurari saƙon muryarka har na kusa haddace shi. Ka ce ruwa yana tsattsafowa daga bangon banɗakinku, kuɗin ruwan gidan benen ya haura, mai gida kuma ya ce ko ka ɗauki gyaran da kuɗin ruwan gaba ɗaya, ko ku bar masa ɗakinsa ƙarshen wata. Da mace mai tsohon ciki, ina za ku? Na ji muryarka, na san ka riga ka yarda laifinka ne, tunda a ɗakinka ruwan ya fito. Mutane da yawa haka suke ɗauka, wasu kuma su ce ai kullum na sama ne mai laifi. Ni ma da farko Hajiya Sabah na zarga, baiwar Allah da ke zaune a samanku, alhali ban taɓa ganinta ba.

Amma da na ji ka ce ka ɗauki guduma ka fasa bangon, ka ɗaure bututun da robar taya, sai da na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida. Na ce wannan jinin kakanka Gado ne! A nan, wanda ya fara ganin ruwa ya ɓalle shi ke tuɓe riga ya toshe, ba ya tsayawa tambayar na wane ne, kuma da yamma a sa masa albarka. Haka muka koya muku, ban kuma yi nadama ba. Sai dai can ka taɓa abin da ba a ba ka ba, mai gida ya samu abin kamawa, kuma robar taka ba ta hana bangon jiƙewa ba.

Ka san ni, abu in ban gane shi ba ba na samun sukuni. Ban taɓa kwana a gidan da wani ke wanka a saman kaina ba, don haka ranar kasuwa na je Sinnar na nemo Osman, wanda na koyar a aji huɗu, yanzu yana aikin famfo. Na tsare shi da tambayoyi har shayinsa ya huce. Ya ce a irin gidan nan akwai babban bututu da ke hawa daga ƙasa har sama, na kowa da kowa, gyaransa yawanci na mai gida ne ko na gidan baki ɗaya. Daga jikinsa ne kowane ɗaki ke da nasa reshe, da makullin da ake rufe shi. Sai na ga ashe abin da muka sani ne aka miƙar tsaye. Babbar tur'a mai kawo ruwa daga kogi ta hukuma ce, abu ishirin, reshenta da ke bin layin gonaki, na duk manoman layin ne, ƙaramar hanyar da ta shiga hawasharka kuwa taka ce kai kaɗai. Ruwa ɗaya ne, amma a kowace mashiga yana sauya mai shi. Ka tuna shekarar da audugar kawunka Jibo ta nutse, ya yi ta zagin maƙwabcinsa, ashe ɓera ne ya huda gefen abu ishirin can sama? Ba a gane ba sai da aka bi mashigan ana rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abubuwan da nake son sani, ka amsa mini dalla-dalla. Awon ruwa ɗaya ne a gidan, ko kowa da nasa? Bututun da ka ɗaure mai kauri ne a tsaye, ko siriri a kwance? Me takardar hayarku ta ce game da gyara? Na san halinka, ka sa hannu ba ka karanta ba. Osman ya ce doka ta bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka kada ka ce Gwaggo ta yanke hukunci daga Suki.

Bangon da ka fasa dai naka ne. Ka je ka faɗa wa mai gida da bakinka cewa za ka gyara shi, kafin ya sake tambaya. Ruwan kuwa ba a san mai shi ba tukuna, kada ka amsa laifinsa. Ga abin da za ku gwada. Ku tara ruwa a bokitai, ka rufe makullin ruwan ɗakinku, ka goge wurin, ka zagaye iyakar lemar da alli, ku wuni ba ku buɗe ba. In ta janye, reshenku ne, sai ka biya da zuciya ɗaya. In ba ta janye ba, Rayan ta dafa abin kirki ta hau wurin Hajiya Sabah, ta roƙe ta ita ma ta rufe nata wuni guda. A je da kwano, kada a je da ƙara. In duka biyu suna rufe bangon bai daina jiƙewa ba, to na kowa ne, sai ka kira mai gida ya tsaya ya gani da idonsa. Mutum yana iya musu da kai, amma da wuya ya yi musu da abin da ya jiƙa masa tafin hannu. Ka fara gobe, wata yana tafiya.

Babanka Yakubu yana gaishe ka, haka Inna Gambo da Muhsina da Bilyamin. Ka gaishe mini da Rayan, ka ce kada ta ɗaga bokiti ko ɗaya, wannan aikinka ne. Ka gaishe da Hajiya Sabah, ka ce wata malama a bakin Kogin Nilu tana neman gafararta.

Taka har kullum,
Gwaggonka Talatu