Rumbun da Aka Ɓoye Yaya

Tajaye, daren Laraba, bayan girbi

Barci ya ƙi zuwa. Yau Yaya Isufu ya zo daga Yamai da littafin rayuwarsa, sunansa a bango!

Ya zauna yana fassara wa Inna, har ya kai inda ya gode wa marigayi Baba da ya sa shi lakwal, makarantar boko.

Inna ta ce, "Kai, gyara wurin nan. Ranar da aka zo ɗaukar yara, cikin rumbu Babanku ya ɓoye ka. Ni na nuna musu. Damina biyu bai ci tuwona ba."

Yaya, mai cika littafi da magana, ya rufe littafinsa. Ita kuwa ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Ikon Allah! Ashe duk gidan nan ba wanda ya san Inna.