Ɗakin da Aka Kulle Kafin Lokacin Rifkatu

Zuwa ga Malam Darakta, Cibiyar Koyar da Fasahar Kwamfuta, Katsina.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Nafisa, tsohuwar ɗalibarku ce, kuma yanzu ina rubuta manhaja daga gida ga wani kamfani na ƙasar waje. Na zo ofishinka sau biyu ban same ka ba, shi ya sa na fito da maganar fili. Ba don kaina ba ce, don Rifkatu ce.

Na farko. Rifkatu abokiyar karatuna ce a wurinku. Iyayenta mutanen kudancin Kaduna ne, amma a Ƙofar Sauri aka haife ta. Lokacin da na shigo cibiyar, ko kuskure ɗaya ba na iya ganowa a cikin aikina. Ita ke jawo kujerarta kusa da ni ta nuna mini. Ita ce ma ta ga tallar aikin nan, ta turo mini ta ce mu nema tare. Mutum ɗaya suke so, kuma mu biyu muka kai matakin ƙarshe.

Na biyu. Kamfanin ya ba mu lokuta biyu na intabiyu a rana ɗaya, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan la'asar. Ni na fara ganin saƙon, na zaɓi na farko don in koma gida da wuri. Dukanmu mun rubuta sunanmu don amfani da ƙaramin ɗakinku mai sola da intanet, sakatarenka ya amince. Babu wanda ya gaya mana cewa a makon nan ka ba da umarnin a riƙa kulle cibiya da ƙarfe huɗu. Ba a liƙa sanarwa ba, ba a turo saƙo ba.

Ina fitowa daga tawa intabiyun na tarar da maigadi riƙe da makullai, Rifkatu tana roƙonsa. Cewa ya yi, “Yarinya, mi kike so in yi? Umarni aka ba ni.” Mun kira wayarka, a kashe take. Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake karewa.

Na uku. Ta hau mashin ta koma gida, ta tarar an ɗauke wuta. Batirin kwamfutarta ya tsufa, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana tafiya. Tana tsakiyar amsa tambaya komai ya mutu. Ta rubuta musu ta ba da haƙuri, suka amsa da cewa wanda zai yi aiki daga nesa dole ya kasance da wuta da intanet tsayayyu. Ni aka ɗauka.

Ranka ya daɗe, na yi imani rabo na Allah ne. Amma na san wadda ta fi wata iya aiki a tsakaninmu, kai ma ka sani. Ba ƙwarewa ce ta raba mu ba, ƙofa ce. Washegarin fitowar sakamakon Rifkatu ta zo gidanmu da cincin ta taya ni murna, ta rungume mahaifiyata. Na kasa kallon idonta. Yanzu gyaran waya take yi a shagon yayanta, kuma har yau idan aiki ya cije mini ita nake kira, ta warware mini tana dariya. In na ajiye wayar sai in ji kamar na ci abincin wani.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Kun buga hotona a babban allo a bakin ƙofarku, kuna tallar cewa ɗalibanku na samun aiki a ƙasashen waje. Ba ku tambaye ni ba. Ta nan Rifkatu ke wucewa kullum zuwa shago.

Ga abin da nake roƙo. A sauke hoton nan. A bar ɗakin a buɗe har magariba ga duk mai intabiyu, domin safiyar waɗancan kamfanoni yammacinmu ce. In ƙarin lokacin maigadi ne matsalar, zan ɗauki nauyinsa daga albashina. Duk dokar da za a sauya kuma, a sanar da ɗalibai tukuna.

Sai na ƙarshe. Wani kamfani ya gayyaci Rifkatu intabiyu ranar Alhamis mai zuwa, bayan la'asar. Ta ce ba za ta sake roƙon kowa ba. Don haka ni nake roƙo. Zan zo tare da ita, in zauna a bakin ƙofa har ta gama.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam.

Nafisa, Katsina.