Kar Ka Zubar da Ruwan Farin Kofi

Yaya,

Na fita aiki kana barci, shi ya sa na rubuta.

Ɗazu na zagaya bayan ɗaki in ba shukata ruwa, na tarar jiya ka bi gindin katanga da fartanya ka share tas. Abin da ka ɗauka ciyawa ce, furen Inna ne, Allah ya jiƙanta, shuɗin nan mai hawa igiya. Kwana goma sha biyu ina lallaɓa shi, ya fitar da ganye bibbiyu ke nan. Na san gyara ka yi niyya, amma da ka ga igiyoyi ɗaure a ƙusa, ai sai ka tambaya.

Na zazzage ambulan ɗin irin furen da ta bari, saura ƙwaya tara. Furen nan shekara ɗaya yake yi ya mutu. In bai yi 'ya'ya bana ba, irinsa ya ƙare a gidan nan.

Na ɗan kankare bayan kowace ƙwaya da abin yankan farce, yadda take yi, na jiƙa su a farin kofin da ke tagar kicin. Ruwan zai yi duhu, ba datti ba ne. Don Allah kar ka zubar, ko da hannunka yana maka ƙaiƙayi.

Gobe da safe tare za mu shuka, don ka san kamanninsa tun yana ƙarami. In Allah ya yarda, bana ma sai ya leƙa tagar Inna.

Fartanya kuma kar ka nema, na tafi da ita wurin aiki.

Ƙanwarka