Harshen Munira da askar wanzami

Alhamis, 3 Yuli 2025

Alhamdu lillahi! Yau na aje moto, babur ɗina na kabu-kabu, na kai ɗiyata Munira asibiti. Wata Madam Kamila, mai koya wa yara magana, ta zo daga garin Paraku. Ta ce abin da ke gare ta otizim ne, shi ya sa ba ta magana, ba ta kallon ido. Ta leƙa bakinta ta ce harshen ba a ɗaure yake ba, babu linzami. Motsa shi za a koya mata, ta iya tauna, miyau ya rage zuba. Na ce magana fa? Ta ce: “Salifu, wannan ban yi maka alkawari ba.” Ni dai murna nake.

Ta hanyar bayan gari na bi da ita, don kada abokan aiki su gan mu a tasha. Kullum haka nake yi.

Asabar, 5 Yuli

Inna ta iso daga ƙauyenmu Garu da hukuncinta. Wanzami Ango zai zo ran Asabar ta sama ya yanke linzamin. Na ce likita ta duba, babu. Ta ce: “Ni na haife ka, kai ma an yanka maka, ga ka da surutu kamar rediyo.” Zuwaira matata ta harare ni har na ji a ƙeya. Ban taɓa ce wa Inna a'a ba. Amma aska a bakin yarinyar da ko yanke farce sai mun danne ta? Tsoro nake ji, wallahi.

Dabara ɗaya: Munira ta fiddo harshe gaban Inna, kowa ya huta.

Lahadi, 6 Yuli

Zuma a leɓen sama, in ji Madam, don ta miƙa harshe ta lasa. Kai! Ihu kamar an sa mata wuta. Ba ta son abu mai danƙo. Na shanye zumar da haushi.

Talata, 8 Yuli

Na gano! Na gano! Ina wanke moto Munira ta zo ta manna hanci a madubinsa. Fuskata ba ta kallo, amma ashe ta cikin madubi tana kallo. Na tsuguna bayanta na zaro harshe. Ta tsaya cak. Na kai shi dama, na kai hagu, na kumbura kumatu. Maƙwabcina Mustapha ya leƙo ta katanga ya ce: “Salifu, lafiya? Ko rana ce ta taɓa ka?” Na ce je ka abinka, malam, makaranta muke.

Alhamis, 10 Yuli

Ta fiddo shi! Ɗan tsinin kawai, ja kamar tattasai, amma ya fito. Na yi kabbara har kaji suka watse. Na ruga kiran Inna, kafin ta sa takalmi an mayar. Ta ce ni da gemuna ina koya wa ɗiya mace gwalo.

Juma'a, 11 Yuli

Har haɓa yau, sau da yawa. Inna na masallaci.

Asabar, 12 Yuli



Ango ya zo da hantsi, ya shimfiɗa tabarma ya buɗe zabira. Na turo moto tsakar gida, na ce a ba ni dama. Na tsuguna, na yi gwalo, na sake, gaban uwata da baƙo da matan maƙwabta. Munira ta toshe kunnuwa tana jijjiga, mutane sun yi mata yawa. Ko leɓe ba ta buɗe ba.

Inna ta ce: “To, mun gani. Riƙe mashi ita.”

Na ɗauke ta. Jikinta ya sandare, zuciyarta na bugawa a ƙirjina. Sai na ji bakina ya ce: “Inna, ki gafarce ni. Ba za a yanka ba.” Ango ya naɗe kayansa ya yi sallama. Inna ta shige ɗaki, ta ce gobe in mai da ita Garu.

Lahadi, 13 Yuli

Na gaida Inna da safe, ba ta amsa ba. Ta hau baya, na sa Munira gaba don Zuwaira na da aiki. Muka kai gonakin shinkafa. Can na ji Inna ta ƙanƙame mani riga. Na duba madubi: ga Munira ta zaro harshe gaba ɗaya, kakarta take yi wa.

“Tsaya,” in ji Inna. Na tsaya. Ta daɗe tana kallo.

“Marar kunya, kamar ubanta.” Ta goge mata haɓa da bakin mayafi. “Mu je, rana na yi.”

Da za mu dawo na bi ta tasha. Hanyar ta fi kyau ne kawai, ruwa ya ɓata ta baya. Wani sabon ɗan kabu-kabu ya ce ɗiyar wa na ɗauko haka.

Na ce tawa ce. Ina jin na ɗaga murya fiye da kima.