Ramin da Bashir Ya Haƙa a Gindin Zogale

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya jikin Anti Rabi? Mu nan Zongo lafiya, sai ɓacin rai.

Ɗanka Bashir ne. Na dawo daga kasuwa na tarar da rami a gindin zogalen marigayiya Inna. Ya tsinke saiwoyi, ya ɗura ƙasar a leda ya kai lakwal, makarantar bokonsu, wai za su duba yadda saiwa ke ratsa ƙasa. Duk lambunan Sèmè ba su ishe shi ba, sai inda Inna ta binne cibiyoyinmu! Da na yi magana, wai ai ƙasa ce kawai.

Ka gaida yara, a sa mu a addu'a. Sannan ka kira shi, ka faɗa masa cibiyar ubansa ce a ledar nan, ya dawo da ita.

Ƙanwarka,
Hajara