Ayuba, Gishiri Ta Haihu

Zuwa ga ƙanina Ayuba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake. Ni ce yayarka Rifkatu, daga gida, Azuba. Ban san inda zan aika maka ita ba, shi ya sa na ajiye ta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka labari.

Dalilin rubuto maka shi ne in sanar da kai cewa Gishiri ta haihu.

Na san ba ka manta ranar da ka kawo ta ba. Ka dawo daga jami'a da kwalin sabulu, a ciki farar ɓera mai jajayen idanu, wadda ta rage cikin waɗanda kuka yi gwaji da su. Mama tana tsintar agushi a tsakar gida, ta ce duk duniya ba ta da maƙiyi irin ɓera, ga shi ɗanta ya kai maƙiyinta makaranta ya dawo da shi. Ka yi dariya, ka ce: “Mama, wannan ba ta sata, ba ta ake yi.” Ka raɗa mata suna Gishiri saboda farinta, ka haɗa mata keji da robar wanki da ragar waya.

Da ka tashi zuwa Awe wajen abokinka, abin da ka ce mini a bakin ƙofa shi ne: “Yaya, ki canza mata ruwa, jibi ina nan.” An tsinci babur ɗinka a gefen hanya, makulli a jiki. Mun jira a kira mu a waya, ko da masu neman fansa ne. Har yau babu wanda ya kira. Mun je ofishin 'yan sanda, mun zagaya asibitoci, Baba ya shiga ɗakin ajiye gawa ya buɗe fuskokin 'ya'yan mutane, babu kai.

Tun daga nan nake canza mata ruwa.

Da damina ta yi nisa, ragar ta yi tsatsa, Gishiri ta fice. Ban taɓa zaton Mama za ta damu ba. Sai ga ta a durƙushe tana leƙa ƙarƙashin gado, tana ɗaga buhuna. Ta kwashe duk gubar ɓera da ke sito ta zuba a masai, ɓerayen gida suka yi ta ɓarna a agushinta, ta ƙyale su. Maƙwabciyarmu ta ce mata dabba ce fa, ba mutum ba. Mama ta ce: “Abin da ya bari a hannuna kenan.”

Ka san Hausar Mama, ba mace ba namiji, kowa “shi” ne. Wata ranar Laraba na dawo daga aiki da la'asar, na same ta tsaye a bakin ƙofa. Ta ce mini a hankali: “Rifkatu, ya dawo. Yana ɗaki.”

Ayuba, ban san lokacin da jakata ta faɗi ba. Na ruga ɗakinka ina kiran sunanka. Na ga gadonka a gyare kamar kullum. A kan shuɗiyar rigarka da ke ninke, ga Gishiri zaune, ta rame, ta yi datti, tana wanke fuska. Na zauna a ƙasa. Mama ta shigo, ta dube ni, sai a lokacin ta gane abin da na ji. Ba mu ƙara tayar da maganar ba. Amma har yanzu, in na iso ƙofar gida, sai in ji muryarta tana cewa “ya dawo”, ƙafata kuma ta so yin gudu.

Ashe da ciki Gishiri ta dawo. Ta yi ta yagar rigar nan, Mama ta hana ni karɓa, ta saka mata ita a keji. A cikinta ta haihu.

Da ka gan su, da ka yi murna. Jajaye ne kamar gyaɗar da aka ɓare, ba gashi, idanu a rufe, kana hango nonon da suka sha fari a cikinsu. Wani abokin karatunka ya ce kada mu taɓa su, kada mu canza dusar katakon da ke shimfiɗe a kejin sai sun yi gashi, domin in uwar ta tsorata tana iya cinye su. Muna ba ta dafaffen ƙwai da dawa da 'yar gyaɗa. Na ɗora dutse a kan ragar saboda kyanwar maƙwabta. Yanzu gashi ya fara fito musu, toka-toka, irin na ubansu da ba mu sani ba.

Wani lokaci ɗaya yakan mirgino daga cikin rigar, ya yi ta ƙaramin kuka. Nan take Gishiri za ta fito, ta kama shi a wuya, ta mayar. Mama takan zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana kallon wannan, tuwo yana ƙonewa a wuta.

Ɗaya ya mutu, ƙaramin cikinsu. Na ɗauko shi da cokali zan jefar, Mama ta riƙe hannuna. Ta naɗe shi a ƙyalle, ta haƙa rami a gindin mangwaro, ta rufe, ta danna ƙasar da tafin hannu. Ta ce: “Wannan dai mun san inda ya kwanta.”

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ƙannen Baba sun zo daga Adogi, sun ce lokaci ya yi da za a yi maka addu'ar rasuwa a coci, zuciya ta huta. Mama ta ce ba za ta binne rami ba kowa a ciki ba. Sun juyo kaina, wai ni ce babba, in shawo kanta. In na yarda, kamar na rufe maka ƙofa. In na ƙi, ina kallon Mama tana ƙarewa da jira. Kai ne mai raba mana gardama a gidan nan, Ayuba na. Me zan ce musu?

Kuma an gaya mini ɓera ba ya daɗewa a duniya. Gishiri ta fara nauyin jiki. Ina tsoron safiyar da zan buɗe ragar in same ta ba motsi, kai ba ka zo ba. 'Ya'yan dai ba mu raɗa musu suna ba. Mama ta ce aikinka ne.

Ya Allah mai ganin abin da ke ɓoye, in ƙanina yana da rai, ka ba shi ruwa in yana jin ƙishi, ka tausasa zuciyar waɗanda ke riƙe da shi, ka nuna masa hanyar gida. In kuwa ka riga ka karɓe shi, ka ba shi hutawa, mu kuma ka nuna mana inda yake kwance, ko Mama za ta samu ƙasar da za ta dafa. Amin.

Taka har kullum,
Yayarka, Rifkatu