Buriton Ramatu

Daren Alhamis, bayan kasuwar Lolo

Yau na sayar da burito talatin, amma na kasa cin abincin dare.

Ƙawata Ramatu, 'yar tsallaken Benin, ita ta koya mini shi. Mijinta ya yi aikin kicin a Kwatano, a can ya samo shi. Abincin arewacin Meziko ne, in ji ta, ƙasar masu shanu kamar mu. Ana murza kwaɓaɓɓiyar fulawa ta yi faɗi kamar faifai, a gasa ta, a naɗe gasasshen nama da cuku a ciki, ya kai tsawon kamu ɗaya. Wasu na ƙara fiya, wasu shinkafa. Ita ta ce mu sa wake da yajin ƙuli don bakin mutanenmu. Mun yi alkawari tare za mu fara bayan ta haihu.

Ban jira ba.

Da azahar wani direba ya tambaye ni, "Hajiya, wanga abu ina kinka samo shi?" Na ce dabarata ce. Ina ɗaga kai sai ga Ramatu da goyonta. Ta ji komai.

Ba ta yi fushi ba. Ta karɓi ɗaya ta gutsira, ta ce, "Ƙawa, ki rage wuta, fulawar tana bushewa." Har ta taya ni naɗe biyu kafin ta tafi.

Da zagina ta yi, da yanzu na yi barci. Gobe da safe zan tsallaka gidanta. Ban san me zan fara cewa ba.